Muna Auna Kogi, Wa Ke Auna Kwata?

A Yamai ruwan dare yana da ƙara iri biyu. Ta farko kowa ya san ta, rugugin rufin kwano idan hadari ya sauke kayansa. Ta biyu sai wanda ya daɗe a unguwa yake gane ta: ƙarar bokiti da shebur a bayan katanga, can wajen ƙarfe biyu, daidai lokacin da ruwa ya fara gudu a lungu. Wata damina na fito da cocila don in janye yashin da ya toshe mini rariya, sai na tarar da dattijon da muke maƙwabtaka, shi da 'ya'yansa biyu, sun ɗage murfin ramin da ke ƙofar gidansu, suna kwarfe abin da ke ciki suna juyewa a ruwan da ke wucewa. Na ce, "Baba, lafiya da tsakar daren nan?" Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Lafiya lau, ɗana. Allah ne ya aiko mana mota ta kyauta. Waccan ta masu yashe masai sai an lale jikkuna, wannan kuwa ko dala ba ta tambaya."

Ban tanka ba, don na san ƙarfin aljihunsa, na kuma san ba shi kaɗai ke wannan aiki a daren ba. Da gari ya waye ruwan ya kwanta a kwarin da ke ƙarshen layinmu, ya yi baƙi ƙirin yana wari. Yara suka naɗe wando suka ratsa shi zuwa makarantar allo, mai ƙosai ta kafa kaskonta taku goma daga bakinsa. A wannan safiyar rediyo ya faɗa mana tsayin kogi a Yamai har da santimita, da abin da ya rage ya kai matakin haɗari. Abin da ya kwana a ƙofar gidajenmu kuwa, babu wanda ya karanta mana lambarsa.

A nan gizo yake saƙar. Mun ƙware wajen auna ruwan da ke zuwa ya cuce mu daga nesa, mun bar wanda muke cutar juna da shi babu ma'auni. Kuma duk dokar da ba ta da ma'auni a bayanta, wa'azi ce kawai: mai tsoron Allah ya bi, wanda ya ga dama ya tsallake.

Kogin da muke tsoro

Mutanen Yamai sun san Kogin Kwara, wanda Zabarmawa ke kira Isa, yana cika sau biyu a shekara. Akwai cikar damina a Agusta da Satumba, lokacin da kogunan Sirba da Gorouol da Dargol ke kwararo ruwa mai jar laka daga wajen Burkina Faso. Akwai kuma cikar sanyi, wadda ruwanta ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya yi watanni a hanya, ya ratsa fadamun Mali, ya iso mana a Disamba da Janairu. Tun 1929 ake auna kogin a nan, kuma an raba haɗarinsa hawa uku: santimita 530 alamar rawaya, 580 ruwan goro, 620 ja. Hukumar raya kogin, ABN, mai ƙasashe 9, a Yamai hedkwatarta take. Cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974, bayan babban farin Sahel, ita ma tana nan a hayin kogi.

Saboda wannan awo na kullum ne muka san cewa a watan Satumba na 2020 kogin ya kai santimita 700, abin da ba a taɓa rubutawa ba, har ya karya shingen da aka yi masa ya shiga Lamorde da Karaje da Zarmagande da Kirkisoi. A 2024 kuma ambaliya ta kashe mutum kusan 400 a faɗin Nijar, ta shafi sama da miliyan 1.5, ta yanke hanyoyin fita Yamai a watan Agusta, ta kayar da tsohon masallacin Zinder, ta sa aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Alƙaluman awon kogin su suka sa aka yi gargaɗi, aka kwashe mutane, aka nemo kuɗin gyaran shinge. Da ba a auna ba, da sai dai a ce "ruwa ya yi yawa bana" a shafa fatiha.

Sai dai akwai ambaliya ta biyu wadda ba ruwanta da Gini ko Burkina. Ita daga sama take saukowa a kan birnin kansa. Ruwan da Yamai ke samu a shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, amma kusan dukkansa a wata huɗu yake zuba, wani lokaci rabon makonni ya sauka a dare guda. Garin da yake da mutum kusan 30,000 lokacin samun 'yanci a 1960, ƙidayar 2012 ta same shi ya haura miliyan ɗaya. An yanka filaye a kwari, an yi gini a kan hanyar ruwa, siminti da kwalta sun rufe ƙasar da a da take shanye shi. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa.

Yadda muka haɗa abin da injiniya ya raba

A tsofaffin biranen Turai da Amurka, injiniyoyin ƙarni na 19 sun haɗa ruwan sama da ruwan bayan gida a bututu guda a ƙarƙashin ƙasa. A ranakun da babu ruwa, komai yana tafiya tashar tacewa. Idan aka tafka ruwa mai ƙarfi, bututun ya cika, sai wasu ƙofofi da aka tanada su saki gaurayen kai tsaye a kogi, don kada ya koma wa mutane cikin gidaje. Wannan tumbatsar ita ce ciwon kansu har yau.

Mu Yamai ba mu da irin wannan bututu da ya game gari. Yawancin gidaje masai ne da ramin ruwan wanka. Lambatun da aka gina, wanda a nan kowa ke ce wa kanibo, don ruwan sama kaɗai aka yi shi. Amma mun haɗa da hannunmu abin da injiniya ya raba a takarda. Wannan ya jona bututun wankansa, wancan mai wankin mota ya karkato nasa, mai gidan abinci ta zuba ruwan wanke-wanke da guntun tuwo, leda ta zo ta yi masauki, yashin lungunan da ba su da kwalta ya cike sauran. Ga masai da ke tumbatsa idan ƙasa ta ƙoshi da ruwa, ga irin aikin daren da na ba da labari. Sai muka wayi gari da ciwon waɗancan birane ba tare da tashar tacewarsu ba. Tasu tumbatsar a bakin kogi take fita, tamu a ƙofar gida.

Wanda yake son ya gani da idonsa ya je Gunti Yena. Korama ce da ta ratsa tsakiyar gari, ta bi ta gefen kasuwar Katako, ta faɗa kogi ba nisa da Gadar Kennedy. A zamanin Faransa ita ce ta raba unguwar Turawa ta Plateau da garin 'yan ƙasa. Yau ita ce babbar kwatar birni. A bakinta akwai lambuna kore shar, salati da kabeji da tumatir, kuma da yawa daga cikinsu da wannan ruwa ake ba su. Salati kuwa ba a dafa shi. Masu bincike na Jami'ar Abdou Moumouni sun sha ɗibar ruwan koramar da na rijiyoyin gari, suna samun ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bayan gida. Mutumin Kano da ya san koramar Jakara ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Wani abu da ke sa mu sakaci shi ne, tashoshin da ke tace mana ruwan famfo, na Gudel da Yantala, suna sama da inda Gunti Yena ke shiga kogi. Mun ɗebi mai kyau daga sama, mun tura dagwalon ƙasa. Wa ke ƙasa? Masunta da masu wanki na Gamkalle, manoman shinkafa na Saga da Libore, mutanen Kollo da Say da Gaya, har zuwa Yawuri a Najeriya. Kuma a ƙarshen rani kogin ba shi da ƙarfin da zai sirka abin da muke zuba masa. Dattawa suna tuna 1985, shekarar da ya tsaya cak a Yamai. A 2021 kwalara ta kama sama da mutum 5,000 a Nijar, ta kashe fiye da 150. Ba a maganar gudawar yara da taifot da zazzaɓin cizon sauro, waɗanda suka zama 'yan gida har muka daina ɗaukar su labari.

Doka tana nan, a cikin durowa

Kada wani ya ce mana rashin doka ne. Tun 2 ga Maris 1993 Nijar take da kundin dokar tsaftar jama'a. A 1998 aka yi babbar dokar kula da muhalli. A 1999 aka tsara 'yan sandan kiwon lafiya. A 2004 ma'aikatar lafiya ta ƙayyade iyakar ƙazantar da aka yarda a saki a fili ko a ruwa. A 2008 ƙasashen kogin suka amince da yarjejeniyar ruwa a nan Yamai. A 2010 aka yi kundin dokar ruwa. A 2014 aka haramta shigowa da ledar nan mara kauri da sayar da ita, wadda yau ita ake ƙulla maka gishiri da ƙanƙara da ita a kowace kusurwa.

Ayyuka ma an yi. A farkon shekarun 2000 hukumar JICA ta Japan ta yi wa Yamai cikakken nazarin tsafta. Shirin Niamey Nyala na zamanin Mahamadou Issoufou ya kawo tituna da gadoji kafin taron Tarayyar Afirka na 2019. Bankin Duniya ya sa dala miliyan 100 a shirin PGRC-DU da aka amince da shi a 2013, ya ƙara dala miliyan 250 a PIDUREM a 2022, kuma magudanai da shingen kogi suna cikin abin da aka tsara yi a birane. An gina tashar sarrafa abin da motoci ke kwasowa daga masai. Duk wannan abin yabo ne.

Amma saurari yadda ake ba mu labarin ayyukan: an gina kilomita kaza na lambatu, an kashe miliyan kaza. Tambayar da mai unguwa zai yi ita ce, kafin aikin kwana nawa ruwa yake yi a kwance a mahaɗar nan, yanzu kuma awa nawa? Bayan shekara uku, kashi nawa na lambatun ne yashi bai cinye ba? Tsawon siminti shaida ce cewa an kashe kuɗi. Ko ruwa ya tafi, wannan wata shaida ce daban, kuma ita ce ba a kawo mana.

Ga misali da kowa ya gani. Duk gabanin damina ana fitowa yashe magudanai. Samari su shiga har gwiwa, su fito da baƙin yashi da leda da tsumma, su tara a bakin lambatu tudu-tudu. A layinmu irin wannan tudu ya yi mako uku yana jiran motar da za ta kwashe shi. Awaki suka tona, yara suka yi wasan zamiya a kai, ruwan farko ya mayar da shi inda aka ciro shi. Na tambayi ɗaya daga cikin samarin daga baya, ya ce, "Yaya, mu haƙa aka ce mu yi, kwasa kwangilar wani ce." A takarda an yashe wannan lambatu. A ƙasa kuwa an motsa shi ne kawai.

Tushen abin shi ne rarrabuwar alhaki. Lambatu na ma'aikatar magajin gari ne, wadda tun Afrilun 2024 kantoma ke riƙe da ita bayan rushe majalisun ƙananan hukumomi. Tsarin ruwa da tsafta na wata ma'aikata ne, hukunta ƙazanta na ma'aikatar lafiya, tantance illar manyan ayyuka na ofishin BNEE, yanka filaye na masu tsara birane. Kamfanin NDE, wanda ya gaji SEEN a farkon 2024, ruwan sha ne a gabansa. Kowa yana da hannu a ciki, amma da wuya ka nuna wanda laifin ke rataye a wuyansa idan kwata ta shiga ɗakin wani.

Abin da waɗanda suka riga mu suka koya

Amurka ta yi dokar tsaftar ruwa a 1972, amma sai a 1994 hukumar kare muhallinta ta fitar da tsari na musamman kan tumbatsar bututun gauraye, wanda ya shafi garuruwa sama da 700. An gindaya wa kowane gari sharuɗɗa 9 na farko waɗanda ba sa buƙatar babban gini. Uku daga ciki kamar don mu aka rubuta su: an hana ƙazanta fita a ranar da ba a yi ruwa ba, an wajabta sanar da jama'a duk inda ta fita, an kuma wajabta auna ta. Ko bayan gari ya kammala manyan ayyukansa, dole ya ci gaba da awo don ya nuna cewa kogin ya gyaru da gaske.

Ingila kuma ta koya mana abin da za mu guje wa. Shekaru da dama kamfanonin ruwa su ke auna kansu su kai rahoto, wato an ba kura ajiyar nama. A 2019 hukumar Ofwat ta ɗora wa kamfanin Southern Water hukuncin fam miliyan 126, bayan ta gano ya yi wasa da tsarin gwajin don ɓoye gazawarsa. A 2021 kotu ta ci shi tarar fam miliyan 90 saboda dubban lokutan da ya saki ƙazanta ba bisa ƙa'ida ba tsakanin 2010 da 2015. Zuwa ƙarshen 2023 an sa na'urar ƙidaya a kan dukkan ƙofofin tumbatsa na ƙasar, sama da 14,000, sai ga shi sun nuna awa miliyan 3.6 na kwarara a shekarar kaɗai. Ƙazantar ta daɗe tana fita. Ranar da aka ga lambarta ne jama'a suka fusata, majalisa ta tashi tsaye.

Faransa ta kashe kusan yuro biliyan 1.4 don a iya iyo a kogin Seine lokacin wasannin Olamfik na 2024, har da wata ƙatuwar rijiyar tara ruwa a Austerlitz mai cin mita kubik 50,000. Duk da haka ruwan sama ya sauka, gwaji ya nuna ƙwayoyin cuta sun yi yawa, aka ɗage gasar maza da za a yi iyo a kogin daga 30 zuwa 31 ga Yuli a gaban idon duniya. Abin kunya ne, amma sakamakon gwajin ne ya yi hukunci, ba son ran hukuma ba.

Kusa da mu, a Wagadugu, kamfanin ONEA shi ke riƙe da ruwan sha da tsafta a hannu guda, kuma tun tsakiyar shekarun 1980 ake ɗora ɗan kuɗin tsafta a kan takardar biyan kuɗin ruwa. Da irinsa aka tallafa wa gidaje su gyara masai, daga baya aka gina tafkunan tace ƙazanta a Kossodo. Ba su gama da matsalar ba, amma akwai ƙofa guda da ake ƙwanƙwasawa, akwai kuma kuɗin da ba ya jiran baƙo.

Abin da sanda da littafi za su iya yi

Wani zai ce waɗannan masu kuɗi ne, mu ina muka ga na'urori dubu goma sha huɗu? Amsar ita ce Allah ya ba mu wata na'ura da Landan ba ta da ita, wato rani. Daga Nuwamba zuwa Afrilu kusan ko ɗigo ba ya sauka a Yamai. Saboda haka duk lambatun da ka ga yana gudu a watan Maris, ba ka buƙatar ɗakin gwaji ya faɗa maka abin da ke ciki: ruwan wani gida ne, ko wata masana'anta, ko wani otal, ko wani asibiti. A ɗauki wata guda a bi kowace magudana daga bakin kogi zuwa sama, a ba kowace mafita lamba da fenti, a rubuta wadda ke gudu da inda ruwan ya fito. Ɗaliban jami'a da wayar hannu za su iya wannan aiki, kuma shi ne harsashin duk abin da zai biyo baya.

Na biyu, a yi wa gari irin ma'aunin da aka yi wa kogi. Direban faba-faba da ɗan kabu-kabu sun san mahaɗun da ruwa ke kwanciya fiye da kowane injiniya. A zaɓi irin waɗannan wurare a kowace gunduma daga cikin biyar ɗin birnin, a zana santimita a jikin turken lantarki ko katanga, a ɗora wa mutum guda, ta hannun mai unguwa, ya riƙa rubuta abu biyu bayan kowane ruwa: ina ya kai, awa nawa ya yi kafin ya janye. Damina biyu kacal za su nuna inda ya kamata kuɗin gini na gaba ya tafi, da kuma aikin da aka biya bai yi amfani ba.

Na uku, kada a biya ɗan kwangilar yasa sai an zura sanda a lambatu an ga ta taɓa siminti, an kuma ƙidaya motocin yashi da suka isa juji. Yasa da kwasa su zama kwangila ɗaya.

Na huɗu, motocin yashe masai. Kowa ya san inda wasunsu ke juye kayansu idan tashar ta yi musu nisa ko man fetur ya yi tsada: gonakin bayan gari, ramukan da aka haƙi laka, bakin korama. A ba kowace mota lasisi da littafin rasit mai kwafi biyu, ɗaya a hannun mai gida, ɗaya a buga masa hatimi a ƙofar tasha. Motar da ta kwashe sau goma ta isa tasha sau uku, sai ta bayyana inda bakwai suka tafi kafin a sabunta mata lasisi.

Na biyar, a riƙa ɗibar ruwa sau ɗaya a wata, da kuma bayan kowane babban ruwan sama, a wurare ƙalilan da ba sa canzawa: sama da gari a Gudel, bakin Gunti Yena, ƙasa da majemar Gamkalle da mayanka, sannan Saga. Muna da ɗakin gwaji na ƙasa, LANSPEX, muna da jami'a. Binciken ɗalibi mai neman digiri yana da amfani, amma hoto ne na rana ɗaya. Sa ido shi ne a dawo wuri guda wata bayan wata, har a san ko ana ci gaba ko ana ci baya.

Na ƙarshe, wanda in babu shi sauran duk aikin banza ne: a faɗa wa mutane. Muryar Sahel da gidajen rediyo masu zaman kansu su karanta sakamakon da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci, kamar yadda suke karanta tsayin kogi. A liƙa shi a ƙofar ofishin kowace gunduma. Mai lambu ya san makon da ruwan ya fi muni, uwa ta san lokacin da za ta hana yaro wanka a bakin kogi.

Wa zai duba mai dubawa?

Dole a faɗi gaskiya: talaka yana da dalilin tsoron kalmar "dubawa". A Kano da Zariya tsofaffi suna tuna duba-gari na zamanin Turawa, mai leƙa randa da masai, wanda jin zuwansa kaɗai kan sa a share gida. Suna kuma tuna yadda wani lokaci aikin kan koma hanyar karɓar na goro. A nan ma idan aka ce za a tsaurara, abin da ake gani shi ne an tasa ƙeyar mai tuwo-tuwo, an ƙwace kayan ɗan tebur, babban bututun da ke bulbula a bayan wata doguwar katanga kuwa an wuce shi kamar ba a gani ba.

Saboda haka tsari ya fara daga sama. Manyan masu zubar da ruwa ba su da yawa, kuma adireshinsu sananne ne: masana'antu, otal-otal, kasuwanni, barikoki, asibitoci, makarantun kwana. Da yawansu na gwamnati ne. Idan hukuma ta fara da auna nata bututun ta bayyana sakamako, ta sami bakin yi wa wasu magana. In ba haka ba, mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Sannan wanda ya gina lambatu ko ya ba da kwangilar yashe shi kada ya zama shi ne mai ba kansa maki. Ma'aikatar magajin gari ta yi aiki, wata hukuma daban ta auna, jami'a da 'yan jarida su sami damar duba littafin.

Tara kuma kada ta riga mafita zuwa. Mutumin da ba shi da kuɗin mota, in ka ci shi tara ka ƙara masa dalilin jiran dare ne kawai. A shirya yasar masai unguwa-unguwa kafin saukar damina, mota ɗaya ta bi layi guda gida-gida, farashi ya sauko saboda tafiyar ta ragu, a tallafa wa marasa ƙarfi da ɗan abin da za a ɗora a kan takardar ruwan manyan masu sha. Gayya ma ba baƙuwarmu ba ce. Waɗanda suka ga zamanin Seyni Kountché suna tuna yadda Samariya ke fitowa aikin gari. Amma gayya tana ɗorewa ne idan mutane sun ga motar kwasa ta zo a ranar, sun kuma ga lambar unguwarsu tana sauka.

Akwai masu cewa ɗan kuɗin da ke akwai gara a zuba shi a siminti maimakon littafi da fenti. Ni ina ganin akasin haka ne: mai ƙaramin jari shi ya fi buƙatar lissafi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 mun ga yadda tallafin waje ke iya tsayawa a dare ɗaya. Manyan magudanai za su iya jiran rance, amma sanda da littafi da kwalbar ɗibar ruwa ba su fi ƙarfin baitulmalin birni ba. Yau ana yawan maganar 'yancin kai da dogaro da kai. To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma birnin da sai baƙo ya zo da kuɗinsa ya gaya masa yawan ƙazantar da yake zubawa a koginsa, da sauran aiki a gabansa.

Har yanzu ina gaisawa da Baba kowace safiya, kuma ban taɓa ɗaukarsa mugu ba. Lissafi ya yi, lissafin kuma ya fita daidai a iya ƙofar gidansa. Abin da bai shiga lissafin ba shi ne inda motar tasa ta kyauta take sauke kaya: kwarin ƙarshen layi inda jikokinsa ke ratsawa, lambun da salatin buɗa-bakinsa ke fitowa, gonar shinkafar wani a Saga, randar wata mata a Say. Akwai masu biyan kuɗin motar nan, a kantin magani suke biya, ba a dai taɓa rubuta musu rasit ba. Rani na zuwa, lambatu zai bushe in ban da wanda ke ɗauke da laifi. A fito da fenti a fara ba su lamba tun kafin hadari ya haɗu.